Barcin da Ya Gagari Ido-Biyu

A garejin Hajiya babu wanda zai dafa ƙirji ya ce ya taɓa ganin Ido-Biyu yana barci a cikin mota mai tafiya. Da can, lokacin ƙuruciyarsa, sunan na yabo ne: direban da gyangyaɗi ba ya sacewa a hanya. Da furfura ta ci rabin kansa sai sunan ya koma na tsiya, don zuwa lokacin kowa ya gano ba ƙarfin ido ba ne kaɗai. Mutumin nan dai bai yarda da hannun kowa a kan sitiyari ba in ba nasa ba.

Duk wanda ya rage masa hanya ya jawo wa kansa. Kafin a kai ƙarshen layi ya gaya maka ka makara wajen canza giya, kana son birki fiye da kima, kuma madubinka na hagu sama yake kallo. Akwai wani mai tasi a unguwarsu da in ya hango shi a bakin titi sai ya kau da kai ya ƙara wuta. Ranar da ciwon ciki ya kayar da shi aka kwashe shi zuwa asibiti, yana kwance a kujerar baya yana nishi, kansa a cinyar matarsa, amma sai da ya ɗago ya ce wa maƙwabcin da ke tuƙi ya rage gudu, akwai rami gaban gidan mai. Matar ta ce a nan ta share hawayenta, ta san ba yanzu ba.

Gajere ne kakkaura mai faɗin kafaɗa, kuma tuƙi ba gadonsa ya yi ba. Ubansu ya rasu ya bar shi da uwa marar lafiya da ƙane da bai daɗe da fara tafiya ba, sai ya ajiye makaranta ya bi mota. Ya wanke taya, ya ɗaure tamfol, ya kwana ƙarƙashin bodi, har Allah ya sa aka ba shi sitiyari. Da uwar ta bi mijinta, ƙanen ya dawo hannunsa gaba ɗaya. Shi ya yi masa wanka, shi ya kai shi makaranta a kan keke, shi ya koya masa tuƙi da ya ƙi karatu, shi ya yi masa aure. Auta ake ce wa ƙanen, kuma har yau Auta ne, duk da ya kere wa yayan tsawo nesa ba kusa ba, ya shekara da shekaru yana jan tankar mai bai taɓa ƙwarzanar fenti ba, yana kuma da jikokin da ke hawa wuyansa. A wurin Ido-Biyu kuwa yana nan a yaron da ya take bokitin mai wanki ranar da aka fara koya masa ribas. Bokitin ya daɗe da zama ƙasa, mai wankin ma ya riga mu gidan gaskiya, amma maganar tana nan da ranta.

Motar da yake ja, 'Yar Fara, tun tana sabuwa dal marigayi mijin Hajiya ya damƙa masa makullinta. Shi kaɗai yake tafiya da ita. In ya gaji ya sauka gefen hanya, ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyi da katako, ya zagaya ta ya tabbata ba ta da niyyar zuwa ko'ina, sannan ya kwanta ya yi barcinsa. Akwai ɗan gado a bayan kujerar direba, irin wanda ake yi don direba na biyu, amma shi ya mai da shi ma'ajiya. Igiyoyi ne a ciki, da tsofaffin fanbel da ya ce ba su mutu ba tukuna, da takalmi ƙafa ɗaya da ba a san inda ɗan'uwansa ya yi ba.

Wata safiya Hajiya ta aika a kira shi. Ofishinta ɗan ɗaki ne a kusurwar gareji, tebur ɗaya, kujera biyu, da fanka mai juya kai kamar ba ta yarda da duk abin da ake faɗa ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da motocin, kuma mace ce da ba ta kewaye-kewaye.

Ta ce, "Malam, zauna. Mun samu aiki mai kyau. Wata gonar kaji ce ke so mu riƙa kai mata 'yan tsaki can ƙarshen ƙasa."

"To, Hajiya, Allah ya sa albarka. Hanyar ai a tafin hannuna take."

"Ban gama ba. Sababbin ƙyanƙyasa ne. Muddin mota na tafiya iska na ratsa su. Ta tsaya ta daɗe, zafi ya dafa su a cikin kwali. Yini da kwana za a yi ana gudu, ba tsayawa sai ta canjin hannu da abin da ya zama dole. Saboda haka direba biyu nake so, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci."

Ido-Biyu ya kalli fanka, fanka ta girgiza kai.

"Ranki ya daɗe, ai ni kaɗai ma..."

"Kai kaɗai ma me? Ka kashe min kanka, ka kashe kajin mutane? Ka san dokar marigayi, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ba a haɗa direba biyu a mota sai an fita gwaji an ga ɗaya ya yi barci a hannun ɗaya. Wanda bai yi barcinsa a gado ba, a kan sitiyari zai yi shi. Ka zaɓi wanda kake so. In ka iya barci, 'Yar Fara taka ce kamar kullum. In ba ka iya ba, sai in ba wasu ita, kai kuma ka koma ƙaramar motar raba ƙwai a cikin gari."

Motar ƙwai! Wadda shi da bakinsa ya raɗa wa suna Akwatin Ashana. Ya tashi ya fito daga ofis. A garejin nan da za a ce a kori waɗanda suka faye barci, da an cika mota guda. Shi kuwa ga shi za a raba shi da tasa motar don ya kasa.

Ya auna direbobin wurin ɗaya bayan ɗaya, duk ya zubar. Wannan yana taɓa waya, wancan da hannu biyu yake hira, wanda ake kira Mai Rediyo kuwa kiɗa ne ke tuƙa shi. A ƙarshe ya ce in dai dole sai da hannu na biyu, gara hannun da shi ya koyar. Ya je gidan Auta da yamma, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, ya yi maganar tsadar taya, ya yi ta zagaye, sannan ya ce yana kallon bango, "Ina neman mai kama min."

Auta ya ɗago ya dubi yayansa. Tun da aka haife shi Yaya bai taɓa neman komai a wurinsa ba, bayarwa kawai ya sani. Washegari ya je ya ajiye makullin tankar da ya daɗe yana ja, ya yi sallama da masu ita, ya iso garejin Hajiya da fulas ɗin shayi a hammata, fuskarsa sai ka ce ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Aka shiga shirin mota. Nan fa Ido-Biyu yake a fagensa, kuma a faɗi gaskiya, a wannan babu na biyunsa. Shi da Baƙin-Mai, bakaniken gareji wanda ba a taɓa ganin ainihin launin rigarsa ba, suka kwance 'Yar Fara suka ɗaure. Aka juye mai aka zuba sabo, aka wanke lagireto har ruwan ya fito garau, aka canza fanbel tun bai nemi canji ba. Mai walda ya zo ya liƙa tanki na biyu don kada a tsaya layi a gidan mai, ya kuma yanka ƙofofin iska a jikin bodi, gaba da baya. Tayoyi kuwa, Ido-Biyu bai yarda da abin awon mai faci ba. Bin su ya yi ɗaya-ɗaya da ƙarfe yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Wadda ta amsa da muryar da ba ta yi masa ba sai an cire ta, ko da mai faci zai rantse. Aka ɗaura safaya, aka gwada jak, aka gwada fitilu da rana tsaka, mutum ya tara tafin hannu a gabansu yana cewa ta kama ko ba ta kama ba.

Duk notin da Auta ya ɗaure sai Yaya ya biyo baya da sifana ya ƙara murɗawa. Sau da yawa notin ba ya ko motsi, amma sai ya yi ɗan nishi don a san an ƙara. Auta ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Gadon bayan kujera ma aka kwashe tarkacensa, Hajiya ta sa aka kawo sabuwar katifa da labule. Ido-Biyu ya tsaya yana yi masa irin kallon da ake yi wa gadon asibiti.

Sai shirin direbobi. Wannan ma yana da ƙa'idarsa, kuma ya jero wa ƙanensa ita kamar bai taɓa hawa titi ba. Kada a ci abinci mai nauyi, kada a cika shan ruwa, shayi sai wanda zai karɓi tuƙi, wanda zai kwanta kuma ya cire takalmi ya kwance bel. Auta ya ce to, Yaya. Shi ai barci ba ya ba shi wahala, ko a kan tsakuwa ka ajiye shi zai yi minshari.

Matsalar tana wajen mai ba da ƙa'idar. Da ya ga ranar gwaji na matsowa sai ya ɓullo da wata dabara irin wadda sai direba zai yi ta. Ya ce in kana son tanki ya sha mai da yawa, ai sai ka bari ya bushe tukuna. Saboda haka ba zai ƙara runtsawa ba sai a gadon mota.

Matarsa, wadda ta ga iri-iri a zamansu, ta ce wannan kam sabo ne.

"Malam, yanzu don Allah hana kanka barci za ka yi don ka iya barci?"

"Ke ba ki san mota ba."

"Mota kam ban sani ba, amma kai na san ka. Ba barcin ne babu ba, sakin jiki ne babu."

Ya ce ta dafa masa shayi mai kauri ta bar shi da abin da ya sani.

Dabarar ta yi aiki, sai dai ba inda ake so ba. Ya je aski, mai aski ya gama gefe ɗaya kenan kan ya faɗo masa a hannu. Ya tsaya gaisawa da mai shago ya jingina da ƙofa, sai da aka taɓa shi don masu sayayya su wuce. A gareji Baƙin-Mai ya yi ta kira a miƙo masa sifana daga ƙarƙashin mota, da ya gaji ya leƙa sai ya tarar da dattijo ya yi matashi da jak yana jan minshari. Duk inda ƙasa ke tsaye barci na samunsa. In an tashe shi kuma ya hau faɗa, wai an zuba ido yana ɓarnar abin da yake tarawa.

Ranar gwaji, bayan an ci abincin rana, lokacin da ko kare inuwa yake nema, aka fito da 'Yar Fara babu kaya. Hajiya ta ce Baƙin-Mai ya zauna gaba ya zama shaida. Auta ya kama sitiyari. Ido-Biyu ya cire takalmi, ya kwance bel, ya haye gado ya ja labule, idanunsa jajur.

Suka ɗauki hanyar bayan gari. Tuƙi ne mai laushi, irin na wanda ya saba jan tanka cike da mai, da za ka ɗora kofin shayi a gaban mota ba zai zube ba. Baƙin-Mai da kansa ya fara hamma.

A bayan labule kuwa, barcin da aka sha wahala ana tarawa ya ce bai san zancen ba. Ido-Biyu na rufe ido kunnuwa suka buɗe. Yana jin inji, yana jin taya, yana jin inda ya kamata a saki totur. Hanyar nan ko a kwance ya san ta. Yanzu za a wuce masaƙa, yanzu gada, bayan gada sai kwanar nan da masu keke ke faɗowa babu sallama. Yaron nan ya gan su kuwa? Ya tuna motar ƙwai, sai ya ga babu mafita illa minsharin ƙarya.

Ya kuwa yi shi da kyau, har da ɗan fito a ƙarshe. Baƙin-Mai ya kalli Auta ya kashe masa ido. Sai dai minshari ne mai hankali. Ana dosar kwana sai ya ɗauke, a fita lafiya ya dawo. In wata mota ta taho a guje sai ya tsaya cak har ta wuce. Ga kuma wani dum, dum da ke fitowa daga jikin bodi. Baƙin-Mai ya zaci wani abu ne ya kwance a motar da ya gama ɗaurewa, ya ɗaga gefen labule ya leƙa. Ƙafar dama ce ta mai barci, tana taka birki a jikin bango.

Auta ma ya gani ta madubi. Da suka zo wata 'yar gangara ya bar motar a giyar da take, don ta isa. Daga bayan labule, tsakanin wannan minshari da wancan, murya ta ce, "Rage giya."

Auta ya sa sigina, ya sauka gefen hanya, ya ja birkin hannu ya kashe mota.

"Yaya, fito. Ka wahala haka nan."

Labule ya buɗe. "Wa ya ce ka tsaya? Barci nake."

"Mai barci ne ke cewa a rage giya?"

"Mafarki nake. Kuma ko a mafarkin ma ya kamata ka rage."

Baƙin-Mai ya fashe da dariya, amma da ya ga fuskar Auta sai ya mai da ita tari.

Auta ya ce, "Yaya, tun yaushe nake jan tanka? Wuta nake ɗauka a bayana, in kai in dawo. Ka taɓa jin an ce na yi wani abu?"

"Ni ban ce ba ka iya ba. Amma ai kai ne ka take bokitin..."

Bai ƙarasa ba. Auta ya zare makulli ya ajiye a cinyar bakanike, ya ce, "Mai da mu gida, ni na gama. Kuma kada ka ba shi, mutumin da ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba." Ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja ya juya fuska waje. Ido-Biyu ya yunƙura zai karɓi motarsa, jiri ya mai da shi kan katifa.

To, Baƙin-Mai gwani ne a ƙarƙashin mota, amma a samanta sai dai addu'a. Iyakarsa ya matsar da ita daga rana zuwa inuwa. Ya tayar da 'Yar Fara ta yi tsalle ta mutu, ya sake tayarwa, giya ta yi ƙara kamar ana yanka ta. Babu ramin da ya wuce bai gaisa da shi ba. Auta ya riƙe ƙofa yana jiran ruwan faɗa daga baya, don a kan abin da bai kai wannan ba Yaya ya sha wanke mutane tas.

Shiru. Can sai ya ji an kama rigarsa ta wajen kafaɗa. Ya waiga. Yaya ne ya miƙo hannu ta gefen kujera ya damƙe rigar tamau, kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Wannan karon babu fito babu ado. Minshari ne na gaske, mummuna, irin na injin da ya sha ruwa.

Haka suka shiga gareji. Baƙin-Mai ya kusa kwashe teburin mai shayi, mai barci bai motsa ba. Kan ka ce me labari ya zagaya, masu wanki da masu walda suka bar aikinsu suka zo kallo, ana turereniya a leƙa ta taga. Hajiya da kanta ta fito ta sa tabarau ta duba. Auta ya yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsun ya kasa, sai ya ɓalle maɓallai ya zame daga cikin rigar, ya sauko daga shi sai singileti. Aka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki fulas ɗinsa ya fita bai waiga ba.

Sai da rana ta yi sanyi Ido-Biyu ya farka da riga a hannu babu mai ita. Hajiya na jiransa a ofis.

"To, Malam, an gode Allah, ashe kana barci. Wanda ya yi barci a hannun Baƙin-Mai ai zai yi a hannun kowa. Da ƙanenka ne kawai ba ka iyawa. Mota taka ce. Zan haɗa ka da Mai Rediyo, Auta kuma a ba shi haƙuri."

Ya samu abin da yake so, amma ya fito bai ji daɗinsa ba. Bai nufi gida ba. Ya naɗe rigar ya nufi gidan ƙanensa.

Ya tarar da shi a tsakar gida a kan benci, wata jikarsa ta haye bayansa tana cire masa furfura. Ido-Biyu ya tsaya yana kallon kan nan. Yaushe yaron nan ya yi furfura haka, kuma wa ya ba shi izini? Auta ya ce wa yarinyar ta je wajen kakarta, ya matsa ya ba yayansa wuri. Suka zauna, rigar na tsakaninsu.

Auta ne ya fara magana. "Yaya, ba aikin da na bari ne ya dame ni ba, wani zai samu. Ranar da ka zo ka ce kana neman mai kama maka, murna ta hana ni cin abinci. Na ce yau dai Yaya ya ga na girma. Ashe har Baƙin-Mai ya fi ni a wurinka."

Ido-Biyu ya daɗe yana murza tafin hannunsa. Magana irin wannan ba hanyarsa ba ce, bai san ramukanta ba.

"Ba haka ba ne," ya ce. "Tuƙinka ya fi nawa laushi, a bayana na ji shi yau. In wani ke tuƙi aka faɗa rami, sai in ce ƙaddara ce. In kai ne, to ni ne na rufe ido. Tun kana rarrafe ban taɓa rufe ido kana inda wani abu zai same ka ba. Da ka sauka daga kujerar nan na ji ka a hannuna, shi ke nan, ban ƙara sanin inda nake ba."

"To duk shekarun da na yi ina jan tanka fa? Ai ba ka wurin."

"Je ka tambayi innar yara ko ana zaman lafiya a gidana in ka yi tafiya."

Auta ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Yaya, ina da jikoki fa."

"Na gani. Yau na gani."

Tausayin ƙanensa ya kama shi, ya ji kunyar kansa, ya kuma ji tsufa ya zo ya zauna masa a kafaɗa. Ya gane muddin yana cikin motar nan, ko a gaba ko a gado, Auta ba zai taɓa zama direba ba, yaron mota zai ci gaba da zama har furfurar ta gama cinye kan.

Da safe ya riga Hajiya zuwa ofis.

"Ranki ya daɗe, barcin jiya na wahala ne, ba na yarda ba. In kika haɗa ni da Mai Rediyo, idona biyu za mu je mu dawo, wata rana in kifar miki da kajin mutane. Ki ba Auta motar. Shi ko'ina barci yake, kuma babu mai hannunsa a garejin nan."

Hajiya ta cire tabarau. "Malam, ka san abin da kake faɗa? Motar ƙwai fa."

"Ƙwai ma ai sai da lallami. Wa kike da shi da ya kai ni lallami?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, ta sunkuya tana neman abin da ba ta ajiye ba a cikin durowa. Aka sake fita gwaji da Auta da Mai Rediyo. Kowannensu kafin a kai gada ya yi nisa a barci, shaida ma sai da aka tashe shi.

Ranar tafiya tun da sanyin safiya aka fara loda kwalaye, kukan 'yan tsaki ya cika gareji har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ido-Biyu ya jawo Baƙin-Mai gefe ya ce akwai aiki ɗaya da ya rage. Kujerar direba ce. Tun 'Yar Fara na sabuwa aka matso da ita gaba daidai gajerun ƙafafunsa, ba a ƙara taɓa ta ba, har ƙarfen da take zamewa a kai ya yi tsatsa ya kafe. Ranar gwaji ma a takure Auta ya tuƙa, gwiwarsa na gugar sitiyari. Bai yi ƙorafi ba, shi kuma Yaya ya gani ya yi shiru.

Suka zuba mai, suka buga da guduma, kujera ta ce ba ta san wannan ba. Ido-Biyu ya zauna a kai, ya tokare ƙafa biyu ya tura da duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ta yi wata ƙara ta saki, ta zame baya da shi. Ya miƙa ƙafa ya ji ko totur ba ya kaiwa. Ya sauko ya share kujerar da hannun rigarsa.

"Auta, zo ka gwada."

Auta ya hau ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa, ya jingina.

"Ta yi?"

"Ta yi, Yaya."

Auta ya sa hannu ya karkata madubi daidai idonsa. Ido-Biyu ya buɗe baki, ya rufe.

Ƙofar garejin matsattsiya ce, ga kwana nan take a bakinta, babbar mota da kaya da ƙyar take shigewa. Da Auta ya tayar da inji kowa ya juya yana kallon dattijon, ana jira ya shiga gaba yana ɗaga hannu, taho, taho, karya, tsaya. Shi kuwa sai ya taka zuwa bencin mai shayi ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji, ya rufe ido.

Ya ji ƙarar inji ta matso, ta rage, ta karya. Kukan 'yan tsaki ya bi ta gabansa ya fita titi, ya yi ta nisa har ya ɓace cikin hayaniyar gari.

Baƙin-Mai ya zo ya tsaya a kansa. "Baba, sun tafi fa."

"Ya fita lafiya?"

"Ko bango bai san an wuce ba."

"To, ai ni na koya masa."

Ido a rufe ya faɗi haka, kuma ya daɗe bai buɗe ba, don ya san in ya buɗe yanzu abin da ke ciki zai zubo a gaban yara.